Ba Tsoro Ne Ya Fitar da Verona Daga Fili Ba

Jones Town, Kingston,
Satumba, 1962.

Zuwa ga 'yata Hyacinth,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Linford, ya kuma kare ku daga sanyin Birmingham da aka ce har ƙashi yake shiga. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa. Kawunki Cleveland yana nan da ransa, da kuma sirdina da ya ara tun kafin a haife ki. Maƙwabciyarmu Miss Icilda ce ke rubuta mini, kin san ni da alƙalami ba mu taɓa gaisawa ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, in dariya ta zo mata ta haɗiye.

Takardarki ta iso. Ba ni kika rubuto wa ba, na lura, kamar yadda kika saba. 'Yarki Verona kika rubuto wa cewa ta kunyata mu gaban ƙasashe, ta ajiye gudu ta je ta koyi ɗinki. Ta karanta, ta tura takalmanta ƙarƙashin gado, har yau suna can. To ki saurara.

Kin san ban yi murna da filin wasan nan ba. A wajen nake yankar wa alfadarina ciyawa, aka zo aka kafa katanga ba wanda ya ce mini sannu. Ranar 'yanci ma ba a ba ni kujera ba, ni da na ja amalanken rake a ƙasar nan har bayana ya lanƙwashe. Amma da aka ce ƙasar da ba ta yi ko wata guda da haihuwa ba za ta sauki baƙi daga Kuba da Meksiko da Benezuwela don gasar wasanni, kuma jikata na cikin masu yi mata gudu, sai da na wanke kwat ɗina na zuwa coci. Duk unguwa ta san ni ne kakanta, don ban bar kowa ya manta ba.

Ranar Lahadi, ana gobe gudunta, aka bar ta ta zo gida daga masaukin 'yan wasa cin shinkafa da wake. Na dube ta na ga ƙuraje a goshi, ido ya yi nauyi. Ta ce abincin masaukinsu maiƙo ya yi masa yawa. Hyacinth, ga Agusta ya yi nisa, kuma wace shekara ce a gidan nan aka shiga Satumba ba a yi wa yara wankin ciki ba? Ke kanki kin sha, kina kuka uwarki na toshe miki hanci, ga ki nan har Ingila. Sai dai malamarsu, Ticha Mullings, ta riga ta hana. A gaban mutane ta taɓa ce mini, "Mas Zed, yarinyar nan ba alfadari ba ce, kar ka ɗura mata ganye." Aka yi dariya. Maganar nan ta zauna mini a wuya, ba zan ɓoye miki ba. Na dafa filasko da ɗan garafuni, na rufe ɗacin da citta da baƙin sukari. Verona ta kurɓa ta ce, "Kaka, yau ko budurwa ka yi? Wannan sukari haka!" Na ce ta shanye, ƙarfi ne. Ta shanye don ni na ba ta. A lissafina kafin gari ya waye zai gama aikinsa, ta tashi sakayau. Ashe hannuna ya yi nauyi.

Da safe ina zaune can sama a filin wasan, sabuwar tutar nan baƙa da kore da ruwan zinariya a hannuna, ina nuna Verona ga na kusa da ni. Suka jeru, suka durƙusa. Kafin bindiga ta tashi sai na ga ta miƙe, ta dafe ciki, ta juya ta nufi ƙofar da suka fito da gudun da ban taɓa ganin ta yi ba. Wani ƙato a bayana ya ɗaga murya, "Ke 'yar nan, ba can ne hanyar ba!" Wata ta ce ai ganin 'yan Kuba ne ya kaɗa mata hanji. Fili ya ɗauki dariya, har da baƙin. Mutumin da na cika wa kunne ya juyo ya ce, "Baba, ba ita ce taka ba?" Na ce masa tawa tana zagaye na gaba. Haka na ce, Hyacinth. Na naɗe tutar na cusa a aljihu.

Verona ba ta gaya wa kowa abin da na ba ta ba. Ta bari ana ce mata matsoraciya a bakin famfo, yara na kwaikwayon gudunta, aka cire sunanta daga masu atisaye. Ni kuma ina zaune a baranda ina cewa gwamnati ce da laifi da ta ciyar da su maiƙo. Sai da takardarki ta zo na ga takalman nan a ƙarƙashin gado, sannan na kasa zama.

Jiya na sake sa kwat ɗin na tafi gidan Ticha Mullings. Na daɗe a bakin ƙofa ina duban kajinta. Da ta fito na cire hula, abin da ban yi wa manajan gonar rake ba, na faɗa mata komai. Ta ce ta sani tun ranar, ta ji warin garafuni. Verona ce ta riƙe mata hannu ta ce gara a ce ita ce ta ji tsoro da a yi wa tsoho waƙa a titi. Malamar ta ce duk da an cire sunan Verona ta sha kiran ta atisaye, yarinyar ce ta ƙi, tun da uwarta ta ce ɗinki. Har yanzu ina nan a kan cewa wankin ciki ba ya kisa, kuma malamar nan ba ta iya magana da manya ba. Amma ranar ce ba ranarsa ba.

Don haka ki rubuto wa yarinyar nan ki janye maganarki. In zagi ya rage miki, ki sa a ambulan daban da sunana, Miss Icilda ta ce za ta karanta mini da ƙarfi har sau biyu. Ranar Lahadi kuma zan miƙe a coci in faɗa da bakina, Cleveland ya samu abin dariyar shekara.

Ki gaida Linford da Anti Pearline da yaranta. Miss Icilda na gaishe ki. Verona ba ta san ina wannan takarda ba. Tana gaishe ni da safe, tana wanke mini kaya, tana tsokanata kamar da. Shayi ne kawai ta koma dafa nata da kanta.

Ni ne mahaifinki,
Zedekiah Pinnock.