Wata Tara Ban Yi Wa Motar Ƙanina Juye Ba, Yanzu Tsoho Za A Kora

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da na ƙauyenmu. Ku kuma masu zagi, da ba ku da aiki sai jiran wani ya buɗe cikinsa ku yi masa caa, ku daure ku kai ƙarshe tukuna. Na san na yi laifi, ba sai wani ya tuna min ba. Shawara na zo nema, wa'azi kuwa ina jin sa duk Juma'a.

Ni manomin rani ne a tsakanin Kura da Bunkure, na haura arba'in. Ina da ƙani, zan kira shi Nazifi, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba shi. Ni na yi ta saɓa shi a kafaɗa zuwa gona, ni na koya masa keke. Ya tafi birni ya yi boko, ya samu aiki, sai ya sayo a-kori-kura ta hannu, ta ɗan ci hanya amma injinta garau, ya kawo gida ya ce in riƙa jan ta ina kai wa mutane tumatir da albasa kasuwa. Kowa ya ce Nazifi ya kyauta. Ni ma haka na ce. Amma tun ranar farko ya tsayar da ni a ƙofar gida, gaban abokaina, yana karanto min dokoki daga waya kamar wani malamin firamare. Duk wata uku a yi juye, wato a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo, a canza filta. A duba man birki, a duba man giya. Kada a kuskura a zuba wa lagireto ruwan kanal, wato magudanar ban ruwan gonaki, laka ce a ciki. Ni da na yi shekara ashirin ina kwance injin ban ruwa ina ɗaurawa, ni za a koya wa baƙin mai? Kuma bai yarda in saya da kaina ba. Shi yake kawo galan daga birni, ni kuma in kai motar garejin Baba Idi a Kura, bakaniken da ya yi abota da mahaifinmu tun kafin a haife mu.

Karo na farko wallahi ba da gangan ba ne. Ranar da na shirya kai motar, ranar aka sakar wa ɓangarenmu ruwa. Duk wanda ya san noman rani a nan ya san in aka buɗe ƙofar ruwa, babu zancen zuwa ko'ina sai gona. Ka yi sakaci, maƙwabta su janye, albasarka ta yi mako tana ƙonewa. Na jefa galan ɗin a ɗakin ajiya bayan buhunan taki, na ce gobe. Da yamma Nazifi ya kira, "Yaya, an yi juyen?" Na ce an yi, don kawai ya rabu da ni. Goben nan ba ta zo ba.

Karo na biyu kuwa da gangan ne, kuma wannan shi ne abin da nake jin kunyar rubutawa. An yi sunan ɗansa, abokansa na birni sun zo da manyan motoci, ina tsaye ina raba musu ruwa, sai na ji da kunnena ya ce wa ɗaya, "Ka ba direbana mukullin ya gyara maka fakin." Direbana. Da ya ga fuskata sai ya yi dariya ya ce, "Au, Yayana ne fa." A ranar ya miƙo min galan na biyu. Na karɓa na ce a raina, motar taka ta sha abin da ke cikinta har ta mutu. Na kai shi inda na kai na farko. In man ya ja baya sai in ƙara mata da wanda na tsiyayo daga injin ban ruwa, baƙi ƙirin. In ta yi zafi a hanya in tsaya bakin kanal in kamfato ruwa da bokiti in ɗura mata. Duk lokacin da na yi haka sai in ji wani sanyi a raina, kamar Nazifin na mara. Wane irin mutum ne yake jin daɗin haka? Da galan na uku ya zo tsoro ne ya hana ni kai motar, don na san Baba Idi yana zaro sandar awon mai zai gane komai.

Makon jiya motar ta buga. Tsakar rana, na ɗauko kwandunan tumatir na mutum uku, jar wutar mai ta kama a gaban sitiyari, sai ƙara ƙwas ƙwas daga ƙasa, sai tsit. Kafin a samo wata motar rabin tumatirin ya narke a rana. Washegari Nazifi ya taho da bakanikensa daga birni. Da aka buɗe injin, abin da ke ciki ba mai ba ne, wani abu ne mai kauri kamar kwalta. Bakaniken ya lakato da yatsa ya ce, "Wannan injin ya fi wata shida bai ga sabon mai ba." Nazifi ya juyo ya ce, "Yaya, ba kana kai ta ba?" Na ce ina kaiwa. Ya ce wajen wa? Na ce, "Wajen Baba Idi mana, ina kuma zan kai?" Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani.

Bai ko tsaya ba, ya ja ni muka tafi garejin. Baba Idi yana ƙarƙashin wata mota ya fito yana goge hannu, yana murmushi don ya ga 'ya'yan amininsa. Nazifi ya ce, "Baba, ashe haka kake? In kawo sabon mai ka sayar, ka bar min tsoho a mota? Da furfurarka?" Masu faci da masu walda na garejin duk suka matso. Tsohon nan ya dube ni. Ni ya duba, ba Nazifi ba, ya daɗe yana dubana, ni kuma ina kallon wata tsohuwar taya a ƙasa. Jira nake ya ce rabonsa da motar wata tara. Sai ya ce, "Nazifi, je ka huce, Allah ya yi maka albarka." Ya koma ƙarƙashin motar.

Nazifi ya kai ƙara wajen shugabannin garejin. Sun ce ranar Asabar za a zauna, Baba Idi ya dafa Alƙur'ani cewa bai ci man ba, in ya ƙi ya kwashe kayansa ya bar wurin. Tun ranar mutane suka daina kai masa mota. Shekaranjiya na kasa haƙuri na je gidansa bayan la'asar. Ban ma gama gaisuwa ba ya ce, "Zauna, na san abin da ya kawo ka. Rantsuwa ba ta yi min wuya, don ban ci ba. Amma in na dafa na ce ban ci ba, kowa ya san wanda ya rage. Ubanku ya riƙe hannuna yana jinya ya ce kada in bari ku biyun nan ku rabu. Ba zan dafa ba. In sun ce in tashi zan tashi." Na ce Baba shekara talatin fa kana wurin. Ya ce, "Ai ka sani lokacin da ka ambaci sunana."

Ku ji wani abu, kuma ku zage ni in kun ga dama. Haushinsa na ji. Wa ya aike shi? Da ya tona ni a gaban mutane da tuni an gama, na sha kunyata na huta. Yanzu ya bar ni da abin a wuya, ba na iya cin tuwo, matata tana tambayata ko zazzaɓi ne. Kuma har yanzu in na tuna fuskar Nazifi raina ɓaci yake. In na faɗi gaskiya, yaron da na goya zai tsaya a kaina ya kira ni maƙaryaci a gaban mahaifiyarmu, kuma wannan karon yana da gaskiya, abin da ya fi ci min rai ke nan. Zai karɓe mukulli, garin nan kaf za su ji, masu tumatir su san ni na jawo musu. In na yi shiru, tsoho mai shekara kusan saba'in zai tashi da sunan ɓarawo, ya rasa inda yake samun abincin gidansa.

Ɗazu Nazifi ya kira ni, muryarsa a sanyaye, irin muryar da rabon da ya yi min magana da ita tun yana yaro. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abubuwan da nake maka, yanzu na gane kai kaɗai zan iya yarda da shi. Ranar Asabar kai ne shaidata. Kai za ka tashi ka faɗa musu sau uku ka kai motar da hannunka, ka miƙa masa galan."

Na ce to.

Yau Alhamis. Jama'a, me zan yi?