Takardar da Na Sa wa Leda

Zuwa ga 'yata, Likitar gidanmu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da malamanki da 'yan ɗakinku. Mu nan babanki lafiya lau, sai bayansa da ke damunsa duk ranar da ya wuni a tsaye yana goge katako. Ƙafar Kaka ta sake kumbura, amma bakin nan nata garau yake. Auta ta yi tari kwana huɗu, yanzu ya sake ta. Ni jikina ƙalau, hankalina ne ba a kwance ba, kuma ba zan ɓoye miki dalili ba.

Kin tuna 'yar takardar nan mai lambar jarrabawarki ta shiga jami'a, wadda kika aiko ta hannun direban makarantarku, kika ce in adana don kaya na ɓata a ɗakin kwananku? Na sa ta a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin keken ɗinkina, inda nake tara takardunki tun ajin farko na sakandare. Sakamakon kowane zango yana ciki, da shaidar gasar kimiyya, har da na shekarar da kika faɗi lissafi kika ce in yaga, na ƙi.

Makon jiya rufi ya yi yoyo daidai wajen. Ruwan bai shiga akwatin ba, amma na tsorata. Na kwashe su duka na kai wa mai shagon kwafi ya sa musu leda, irin wadda malamarmu ta sa wa tawa takardar ranar da na gama ajin manya na yaƙi da jahilci. Ni a sanina haka ake girmama takarda. Sauran duk sun fito suna sheƙi. Ita wannan mai lambar ta shiga injin fara, ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ko lamba ɗaya ba ta ganuwa.

Mai shagon ya ce irin takardar ba ta son zafi, kuma an rubuta gargaɗin a ƙasanta. Na ga ƙananan rubutun, 'yata. Amma akwai mutane a bayana, ni kuma kin san sai na bi da yatsa nake karatu. Kunya ta hana ni tsayawa, na miƙa masa kawai.

An ce ba a shiga ɗakin jarrabawa sai da ita. Idan kin kwafi lambar a wani littafi, don Allah ki aiko min.

Mahaifiyarki mai neman afuwa,
Inna

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da addu'a. Kowa lafiya, ƙafar Kaka ma ta fara sacewa. Wasiƙarki ta iso, layi biyu. Kin ce ba ki kwafi lambar ba, kin ce ba komai. Ni na haife ki, na san irin wannan ba komai ɗin. Direban kuma ya faɗa min kwana uku ba a gan ki a ajin bita ba.

Wannan ya fi baƙar takardar ci min rai. Ina tuna lokacin da ƙawayenki ke zuwa kiranki yawo a hutu, ke kina zaune kan buhun ƙyallaye kina haddace sunayen ƙasusuwa, har Auta ta iya wasu. Ina tuna yadda kike ajiye littafinki ki riƙe min hannu in rubuta sunana. Shekara shida kenan kina wannan fama. Ba zan yarda minti ɗaya da na yi a shagon kwafi ya cinye su ba.

Na je ofishin masu jarrabawar sau uku. Ranar farko na tarar an tashi. Ta biyu aka ce mai kula da wannan ba ta nan. Ta uku na same ta, wata mai tabarau, na ɗora mata takardar a gabanta. Ta juya ta, ta yi dariya, ta ce ni ce ta biyar a watan nan. Wallahi sai da na ji sanyi, ashe ba ni kaɗai ba ce. Ta ce za a sake fitar miki da wata, amma sai an kawo abu uku kafin a rufe ranar Juma'a mai zuwa: fom daga iyaye, hotonki biyu, da wasiƙar shugabar makarantarku mai hatimi.

Fom ɗin shafi biyu ne. Wani ya ce in kawo ya cike min, na ce a'a. Na zauna a bencinsu na karanta shi kalma kalma da yatsana, har ƙananan rubutun, sai da aka kusa tashi na gama. Mai tabarau ta duba ta ce babu gyara. Hotunan kuwa ina da su a akwati, kuma kada ki damu, ban sa musu komai ba. Babanki ya ce saura shi in kai a sa masa leda ko bayan nasa ya daina lalacewa. Kaka ta ce kada in soma, shi ma baƙi zai fito.

Saura wasiƙar shugaba, kuma wannan ke kaɗai za ki iya karɓowa. Ki je gobe da safe. Ki gaya mata gaskiya, mahaifiyarki ce ta ɓata, ba ke ba. Ni ba na jin kunyar a faɗa. Daga ofishinta ki wuce ajin bita.

Direban zai shigo gari ranar Laraba. Ki ba shi wasiƙar shugaba tare da amsarki, don in kai ofis ranar Alhamis, kada mu jira ranar ƙarshe. Kuma ki rubuta min fiye da layi biyu. Idan faɗa ne a ranki, ki yi min shi a takarda, ki cika shafin. Zan zauna in karanta duka.

Babanki da Kaka da Auta suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Inna