Aminina Ya Zuba Wa Motata Man Suya

Malam mai wannan fili, a taimaka wa dattijo.

Tun da na ajiye aiki na shiga sahun wasu tsofaffi da ke tseren ƙananan motoci masu rimot, duk Asabar, a filin bayan wata ma'aikata. An taɓa raɗa min cewa akwai mai zuba man girki a shokazobar irin waɗannan motoci maimakon man silikon. Na yi dariya, na ce zancen marasa aikin yi ne.

To, makon jiya motata ta kama tsalle kamar kwaɗo. Aminina na shekara arba'in, tsohon bakanike da muke kira Injiniya, ya ce in bar masa. Ya gyara, na ɗora ta a kan kantar falo. Kwana uku ɗaki ya ɗauki ƙarni. Uwargida ta ɗaga kujeru kaf tana neman mushen ɓera. Ni kuwa sai na hangi kiyashi sun yi layi suna hawa taya kamar an kira su walima. Da na kwance murfin shokazobar, wani baƙin mai ne ya dalalo, mai danƙo, har da ɓurɓushin ƙonannen kifi. Tir!

Ga inda gizo ke saƙar: tun da idonsa ya yi rauni ya rufe gareji, babu mai ba shi gyara sai ni. In na yi magana na karya shi. In na yi shiru, ya riga ya yi wa mutum biyu alkawarin irin wannan aiki ranar Asabar. Kuma jita-jitar nan, wanda ya tabbatar min da ita jiya, da bakinsa, yana murmushin alfahari, Injiniya ne.

Dattijo Mai Toshe Hanci

Baba, sannu da ƙarni. Motar ba ta mutu ba. Kwance shokazobar duka huɗu, goge su tas, ka canza robobin ciki. Man girki yana lalacewa ya yi danƙo, shi ya sa ake amfani da silikon. Duba lambar jikin kwalbar silikon: ƙarama ruwa-ruwa ce, ta wuri mai gargada, babba mai kauri ce, ta shimfiɗaɗɗen fili. Zuba a hankali, ka jira kumfa ta fita kafin ka rufe. Duk ran da mai ya yi duhu, a sake.

Injiniya kuwa ba mugunta ya yi ba, amma shirunka zai kai shi ga kunya a gaban jama'a, ta fi wadda kake gudu. Kafin Asabar, tun ba ka goge ta ba, kai masa motar da kwalbar silikon, ku biyu kawai. Bar shi ya buɗe ya shinshina. Hancin bakanike ba ya tsufa. Kai ka karanta lamba, shi ya zuba.

Allah ya bar zumunci, ya ba uwargida haƙuri.