Jar Akuyar Inna

Laraba da dare, Boɗinga

Barci ya ƙi zuwa don murna! Hannun jarin da na saya ta waya, na kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar wayoyi, ya tashi yau. An ce sun gano dabarar ƙera wadda ta fi ƙanƙanta da sauri. Na rufe shagon gyaran waya, na hau mashin sai Shagari wurin Inna.

Na ba ta labarin hannun jarin, na kwance tsohuwar waya na nuna mata ƙwaƙwalwar. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan abin ga? To, sayar da jar akuyata ka saya mini."

Na ce, "Inna, yadda yake tashi haka yake faɗuwa."

Ta harare ni. "Akuya ma mutuwa takai, Bello."