Nazifi da Wayar da Ka Bar Masa

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, babu direban da ke lodi zuwa inda kake. Amma in ban amayar da abin da ke cikina ba zan fashe, kuma kai ka jawo.

Gida lafiya. Ummi ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Motarka na hannun ƙanenka Sani, yana Jibiya yana Maraɗi kamar yadda ka saba. Damuwata autanka Nazifi ne, da wayar nan taka da ka miƙa masa kana kwance a asibiti. Don Allah me ya hana ka ba ni ita?

Yaron da sai an koro shi daga filin ƙwallo, yanzu wuyansa ya lanƙwashe. Tuwo ya huce a gabansa bai sani ba. In yi ta kira har maƙwabta su amsa, shi bai ji ba.

Ranar kasuwa ya tafi bakin iyaka da wani abokinsa, ya tsaya gaban shingen jami'ai yana ɗaukar kansa bidiyo, wai yana koya wa masu kallonsa yadda ake shiga Nijar ba takarda. Yaro ɗan shekara sha biyar, wanda ko Ɗan Isa da ke tsallaken iyakar bai taɓa takawa ba! Suka riƙe shi. Wata mai fura ce ta rugo ta gaya mini. Na fita da takalmi wari da wari. Ni da ban taɓa tsayawa gaban mai kaki ba, na durƙusa a ƙasa ina ba da haƙuri, 'yan dako na kallo. Wani dattijo cikin jami'an ya tambayi ɗan wane ne. Da ya ji sunanka ya ce duk shekarun da ka yi kana ratsa wurin ba ku taɓa sa-in-sa ba. Suka sa Nazifi ya goge bidiyon, suka sake shi.

Ka san abin da ya sa shi kuka? Ba durƙusona ba. Abokin ne ya ɗauki bidiyon lokacin da aka cafke shi ya watsa, mutanen da ba su san ko ƙofar gidanmu ba suna ta yi masa dariya. Ya ƙi abinci, ya ƙi makaranta. Da kaina na tasa shi gaba har bakin aji. Na ce masa dariya ba ta karya ƙafa, ya shiga ya zauna.

Da na dawo na ɗauko taɓarya zan ragargaza wayar. Na kasa. Ban gaya wa kowa dalili ba. Muryarka na ciki, saƙonnin da kake turo mini, kana cewa layi ya yi tsawo a duwan, wurin kwastan Nijar, a rufe maka tuwo. Tawa wayar ta lalace tuni. Ta yaya zan daka wannan?

Yanzu doka na kafa. Daga magariba tana cikin akwatina, sai ya dawo daga makaranta. Asabar da Lahadi kuma gona, wurin yayanka a Daddara. Ya ce na kashe masa rayuwa. Amma ya dawo da kanta a hannu, ya share kwano tas, har da neman ƙari. Jiya ya zo yana lallaɓa ni in ba shi ita, wai zai nuna wa duniya geron da ya nome. Na harare shi, na yi faɗa, sannan na ba shi. Daidai na yi? Ban sani ba. Wa zan tambaya?

Ka tafi ka bar ni da aikin mutum biyu, ga shi ba dama in yi fushi da kai yadda nake so. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ka huta. Ni da saura.

Taka,
Maman Ummi