Ramin Yumɓun Babanmu

Zuwa ga ƙanena Tamba, Argungu.

Bayan gaisuwa, ina Ummu Hani da yara? Shekara da shekaru kana cewa na kashe ginin tukwanen gidanmu da na sa ɗana Nasrullahi boko. To, ina wurinshi Indiya, an yi mani aikin ido. Lafiya lau, tuwo ne dai babu.

Na ga aikinshi. Yumɓu yake gasawa, Tamba! Bai kai ɓawon albasa kauri ba, yana riƙe lantarki, kuma babu gubar dalma cikinshi. In ya dawo zai gwada yumɓun ƙasarmu.

Kada ka ba masu noman shinkafa ramin yumɓun babanmu. Kullum shiru kake mani. Wanga karon amsa: ramin yana nan?

Yayanka, Labbo.