Wata Bakwai Kana Dara da Kakana

Zuwa ga Sirajo, sanyin randata a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da nake hutawa, ruwan farkon damina mai tada ƙamshin ƙasa, kai da nake tunawa in yi murmushi ni kaɗai har a ce na zautu. Sallama da gaisuwa mai yawa daga Tambuwal zuwa Kebbe, da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka. Ni dai jikina ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Masoyina, wata bakwai ke nan kana hawo babur duk Juma'a, kana shan rana da ramukan hanya, wai ka zo zance wurina. Wurina ko wurin Kaka? Da ka yi sallama Kaka Na'Allah ya ɗago kai daga tabarmarsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, shi ke nan na yi asararka. Ina zaure da lalle da kwalli, kunun da na dama maka yana hucewa, ku kuna tsugune kuna tona guraben dara a ƙasa. Sai an kira Magariba ka leƙo, gwiwoyin wandonka duk ƙasa, ka ce in yi haƙuri, yau saura kaɗan. Saura kaɗan me, hasken idona?

Na san inda abin ya samo asali. Ranar da ka fara zuwa, tsohon ya ƙare maka kallo ya ce, "Yaro, Hamdiya matata ta, ba ni sakam maka ita sai ka canye ni ga dara." Kowa ya yi dariya, don wasan kaka da jika ne, kuma babu manemin jikarsa da bai sha wannan maganar ba. Mijin Yaya Mu'minatu goro da hula ya kai masa, ya durƙusa ya ce ya bi, zance ya ƙare. Kai kuwa, malamin lissafi guda, ka ɗauke ta kamar hukuncin alƙali. Har zane na gani a bayan littafinka, gurabe da ɗige-ɗige, kana bitar yadda za ka ci shi. Haba Sirajo! Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Daga Jabo har Sanyinna an san hannun tsohon nan, tun mahaifinka yana gudu ba wando.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba na iya yin fushin ya kai ƙarshe. Nakan jingina da bangon zaure in ji hirarku. Yana ba ka labarin shanun laka da suke ginawa a bakin fadama su yi musu ƙaho da ƙaya, da dokin kara, da langa a farin wata har sai wani ya gurɗe. Kai kuma kana ba shi na danƙon harbin kurciya da gare-garen da kuke korawa da sanda. Muryarka takan koma ta yaro, zuciyata ta narke kamar man shanu a tuwo mai zafi, in manta da niyyar da na yi ta ƙin kula ka.

Ka tuna bikin 'yar tsanata, lokacin da kake zaune gidan gwaggonka a unguwarmu? Ƙashin ƙafar ragon layya ce, na yi mata kitso da baƙin zare, na ɗaura mata ƙyallen da na tsinto wurin tela. Muka rasa abin kai amarya, kai ka zauna ka fere karan dawa ka haɗa mota, ka yi mata ƙafafu da sakaina. A bakin kwata ƙafa ɗaya ta fita, 'yan matan suka fara kuka, ka ɗora motar a ka da amarya a ciki ka kai ta har gidan ango, wato gidan su ƙawata Anisa. Shekararka tara ka san in mota ta ƙi tafiya ɗaukarta ake yi. Yanzu da gemu ya fito, ina wannan wayon ya tafi?

Bari in gaya maka abin da lissafinka bai nuna maka ba. Abokan darar Kaka duk sun riga mu gidan gaskiya, na ƙarshensu Malam Ɗan'iya, shekara biyu ke nan. Samarin unguwa kowa da wayarsa, ba mai tsugunawa da tsoho. Tun da ka fara zuwa, da hantsin Juma'a yake share gindin darbejiya da hannunsa, ya fiƙe tsinke, ya wanke duwatsu. A ganinsa ranar da ya sake ni, ranar ya rasa abokin wasa. To yaya zai bari ka ci? Shi yana riƙe da kai, kai kana riƙe da maganarsa, ni an bar ni a zaure da kunu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaran jiya Baba mahaifina ya kira ni. Mutanen Gazali, mai shagon hatsi a Jabo, sun zo neman izini sau biyu. Baba bai matsa mini ba, tambaya kawai ya yi, ko ina da wanda nake so. Na faɗi sunanka. Ya ce mai so magabata yake turowa, shi kuwa bai ga kowa ba sai ɗan dara. Ya ce ba zai ci gaba da ja wa mutanen kirki rai ba, ranar Asabar zai ba su amsa, kuma in naka ba su zo ba zai ce su turo ɗansu mu daidaita. Na shiga ɗaki na yi kuka, rabi don tsoro, rabi don takaicinka.

Don Allah, farin cikina, ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ka tafi Sanyinna wurin kawunka Sambo, magabatanka su zo wannan Juma'ar. Kai kuma ka sayi goro da hula, ka durƙusa gaban Kaka ka ce ka bi, ka gaya masa ko bayan biki Juma'a tasa ce muddin rai. Abin da yake son ji ke nan. Na yafe masa rana ɗaya, sauran shidan nawa ne.

Sirajo, na furta sunanka a gaban mahaifina, da bakina, kaina a sunkuye, abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Ba ni da wani sunan da zan faɗa bayansa. Kada ka bar ni in ji kunya.

Taka mai riƙon amanarka har ƙarshen numfashi, ko da tana cike da haushinka,

Hamdiya